GUBAR FUNFUNA A ABINCIN KAJI DA MAHAƊAN RAGE ILLARTA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan gubar da funfuna ke zubawa a cikin hatsi da sauran kayan da ake haɗa abincin kaji da su, da kuma abubuwan da ake ƙarawa a cikin abincin domin rage ɓarnar da gubar ke yi. Batun na masana kiwo ne da likitocin dabbobi, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansa a Nijeriya da Ingilishi aka rubuta shi. Amma manomin da ya noma masarar a Saminaka ko Funtuwa, da ɗan kasuwar da ya ɗinke ta a buhu a Dawanau, da direban da ya kai ta gonakin kaji na Ibadan, da Hausa suke cinikinsu. Saboda haka akwai bukatar a fayyace al'amarin da harshen da waɗannan mutane suke ji, a kuma tantance sunayen da za a riƙa kiran abubuwan da su, domin sunan da aka ba abu shi ke gaya wa mai saye abin da zai sa rai da shi.

Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da mai kiwon kajin gona ke kashewa. Wannan ya sa duk lokacin da masara ta yi tsada sai ya karkata ga wadda ta fi araha, mai arahar kuwa sau da yawa ita ce wadda mutane suka ƙi saye domin ci. A gida ma haka abin yake. Hatsin da ya yi baƙi a gindin rumbu ba a cika zubar da shi ba, cewa ake yi a ba kaji.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Funfuna ita ce wannan abu mai kama da ƙura ko auduga, fari ko kore ko baƙi, da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha laima. A karin harshen yamma hunhuna ake cewa, wasu marubuta kuma fumfuna suke rubutawa saboda nason da /f/ ke yi wa baƙin hancin da ya gabace ta. Halitta ce mai rai, tana ci tana yaɗuwa, kuma wasu ire-irenta suna fitar da sinadarai masu cutarwa yayin da suke girma. An zaɓi a kira waɗannan sinadarai guba maimakon dafi, domin a bakin Bahaushe dafi ya fi tafiya da abin da ke shiga jiki ta sara ko harbi, kamar na maciji da kunama da kibiya, ita kuwa guba ci ko sha ake yi.

Abin da ake ƙarawa a cikin abinci kaɗan domin wata manufa an kira shi mahaɗi, bisa ga yadda ake cewa mahaɗin miya. Wanda aikinsa shi ne ya riƙe gubar a cikin hanji an kira shi maɗauri. An guje wa kalmar makari da gangan. Makari, a fahimtar Hausawa, shi ne abin da ke karya dafi ko sammu bayan ya shiga jiki, a sha a warke. Babu ko ɗaya daga cikin mahaɗan da za a ambata da ke yin wannan aiki, kuma duk wanda ya sayi buhun maɗauri da tunanin makari ya saya, zai ci gaba da ba kajinsa gurɓataccen abinci hankalinsa kwance.

3.0 Yadda Aka San Gubar

A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni, da wata cuta da ba a san kanta ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar dukkansu sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa wadda aka shigo da ita daga Barazil. A cikin tunkuzar aka gano gubar wata funfuna da masana ke kira Aspergillus flavus, kuma daga wannan suna aka ƙago kalmar afulatoksin. Manyan ire-irenta huɗu ne, wato B1 da B2 da G1 da G2. Haruffan na farkon kalmomin Ingilishi ne masu nufin shuɗi da kore, domin launin da kowace ke bayarwa ke nan idan aka haska ta da wata fitila ta musamman a ɗakin gwaji. B1 ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi muni. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa afulatoksin a rukuni na ɗaya, wato rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta hanta. Idan ta yi yawa tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutane 125 suka rasu bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Afulatoksin ba ita kaɗai ba ce. A Afirka ta Kudu aka gano okaratoksin a 1965, wadda ɓarnarta a ƙoda take, a can kuma aka gano fumonisin a 1988, wadda wata funfuna mai suna Fusarium ke zubawa a masara tun tana gona. Akwai kuma wadda ake kira T-2, mai sa gyambo a bakin kaza har ta kasa cin abinci. Sau da yawa buhu ɗaya na masara yakan ɗauki biyu ko uku daga cikinsu a lokaci guda, wannan kuwa shi ne ya sa zaɓen mahaɗi ke da wuya, kamar yadda za a gani a gaba.

A Nijeriya hanyoyin shigar gubar sanannu ne. Gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata ana saura makonni a cire ta, funfuna kan shige ta tun tana cikin ƙasa. Masarar da tsutsa ta huda, ko wadda aka shanya a kan turɓaya, ko wadda aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba domin a riski kasuwa, duk ƙofa ce a buɗe. Ƙa'idar ajiyar masara ita ce danshin da ke cikinta kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, na gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Daɗin daɗawa, masarar da ta bar arewa a bushe da hunturu takan sake jan laima idan ta daɗe a sito a kudu, inda iska ke ɗauke da danshi kusan duk shekara. Da zarar gubar ta samu, sake shanyawa zai tsayar da funfunar amma gubar tana nan. Zafin da ake dafa abinci da shi, ko wanda injin dunƙula abincin kaji ke bayarwa, bai isa ya lalata afulatoksin ba, domin sai zafi ya haura digiri 250 take fara rushewa.

4.0 Aikin Gubar a Jikin Kaza

Idan kaza ta ci abinci mai afulatoksin, gubar kan ratsa bangon hanji da sauri ta shiga jini, jini kuma ya kai ta hanta. Aikin hanta ne ta sarrafa duk baƙon abu domin a fitar da shi. Sai dai a wajen wannan sarrafawa hantar kan mayar da wani kaso na B1 wani sinadari da ya fi na asalin muni, wanda ke manne wa ƙwayoyin halittar hantar ya lalata su. Hantar tana da abin kare kanta, wani sinadari da ake kira gulutatayon, wanda ke kama mugun sinadarin ya raka shi waje. Ƙarfin tsuntsu a gaban gubar ya danganta ne da wanda ya fi sauri tsakanin waɗannan ayyuka biyu. 'Ya'yan agwagwa su suka fi kowa rauni, sai talo-talo, kaza kuwa ta fi su juriya nesa ba kusa ba. A kowane jinsi kuma ƙanana sun fi manya shan wahala.

Juriyar kaza ita ce ke yaudarar mai kiwo. Ba kasafai kaji ke zubewa a mace kamar talo-talon Ingila ba. Abin da aka fi gani shi ne kajin nama su ci abinci su ƙi yin nauyi, masu ƙwai su rage saka, ɓawon ƙwai ya yi laushi, ƙyanƙyasa ta ragu. In an yanka sai a ga hanta ta kumbura, ta koɗe, ta yi kitse, tana saurin farfashewa a hannu. Babbar asarar kuwa a ɓoye take. Gubar tana ƙanƙantar da wata 'yar jaka da ke kusa da duburar ɗan tsako, wadda a cikinta ne wani sashe na garkuwar jikinsa ke ginuwa. Saboda haka sai a yi wa kaji rigakafin Gumboro ko na Niyukasil a kan lokaci, amma cutar ta zo ta kwashe su. Mai kiwo ya zargi maganin rigakafin ko wanda ya sayar masa, alhali matsalar tana cikin mazubin abinci.

5.0 Mahaɗan da Ake Amfani da Su

5.1 Yumɓu

Mahaɗin da aka fi daɗewa ana bincike a kansa, kuma wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, shi ne wani irin yumɓu da ake kira bentonayit. A 1988 Timothy Phillips da abokan aikinsa na Jami'ar Texas A&M da ke Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa idan aka zuba rabin kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan yumɓu a abinci mai afulatoksin, 'yan tsaki kan tsira daga mafi yawan illar. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari shi ne kilo 5 a tan guda, wato giram 125 a buhun abinci mai kilo 25.

Sirrin yana cikin ƙirar yumɓun. Kowace ƙwayarsa falle-falle take, kamar takardun littafi da aka jera, kuma tsakanin falle da falle akwai sarari. Ƙwayar afulatoksin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka idan abinci ya jiƙe a cikin kaza sai ta shige wannan sarari ta maƙale. Yumɓu ba ya narkewa, ba ya kuma shiga jini, don haka yakan bi hanji ya fita a kashi tare da gubar da ya riƙe. Gubar da ta riga ta isa hanta kuwa ta fi ƙarfinsa. Wannan ne dalilin kiransa maɗauri. An ma jarraba shi ga mutane a yankin Ejura na ƙasar Gana, inda aka ba su shi na tsawon wata uku, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna raguwar alamun gubar a jini da fitsari.

Abin lura a nan shi ne, kalmar yumɓu a Hausa ta haɗa ƙasashe da yawa waɗanda a idon masana daban-daban suke. Yumɓun ginin tukunya da farar ƙasar da ake shafe ɗaki da ita ba su da irin wancan sarari mai buɗewa, don haka riƙonsu ga gubar kaɗan ne. Kanwa kuwa, wadda makiyaya suka saba ba dabbobi, gishiri ce mai narkewa a ruwa, ba ta da falle ko ɗaya. Ko a cikin bentonayit kansa, na wannan rami yakan bambanta da na wancan. Akwai shi a ƙasar Nijeriya, musamman a arewa maso gabas, amma kasancewarsa a ƙasa bai mayar da shi maɗauri ba sai an gwada yawan gubar da yake riƙewa, an kuma tabbatar ba ya ɗauke da dalma ko wani mugun abu na kansa. Wannan gargaɗi yana da tushe. A 1997 an sami sinadarin dayoksin a naman kaji a Amurka, da aka bi sawu sai aka tarar daga wani yumɓu ya fito, wanda aka haƙo a jihar Misisipi ana zuba shi a garin waken soya domin kada ya dunƙule.

Har ila yau, yumɓu ba ya tambayar abin da ya kama. Idan ya yi yawa yakan riƙe wasu magungunan da ake zubawa a abinci. Tarayyar Turai, wadda ta amince da bentonayit a matsayin maɗaurin afulatoksin B1 a 2013, ta gindaya cewa kada a haɗa shi da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan ya wuce kilo 5 a tan kada a haɗa shi da magungunan cutar kashin jini da ake sa wa kaji. Babban gibinsa kuwa shi ne, gwanintarsa a kan afulatoksin ta tsaya. Riƙonsa ga okaratoksin da T-2 bai taka kara ya karya ba, domin ƙirarsu ba ta dace da sararin ba.

Gawayi ma ana ambatonsa. Wanda ake nufi shi ne gawayin da aka sarrafa da tururi ko sinadari a zafi mai tsanani har ya cika da ƙananan ramuka, ba na murhu ba. Yana kama guba iri-iri a kwalbar gwaji, amma a cikin kaza yakan kama bitamin da sauran abubuwan gina jiki tare da ita, saboda haka bai dace da ciyarwa ta kullum ba.

5.2 Yis da Sinadaran Farfasa Guba

Tun farkon shekarun 1990 gwaje-gwaje suka nuna cewa yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi, yana rage illar afulatoksin ga 'yan tsaki. Daga baya aka gane cewa ɓawon ƙwayar yis ɗin ne ke aikin, sai kamfanoni suka koma ciro ɓawon suna busarwa suna sayarwa. Abin da ake zubawa kaɗan ne, daga rabin kilo zuwa kilo 2 a tan, kuma yana taɓa gubobi fiye da ɗaya. Sai dai riƙonsa ga afulatoksin bai kai na yumɓu ƙarfi ba, yana iya saki kafin a kai ƙarshen hanji. Wannan ya sa yawancin abin da ke kasuwa haɗin yumɓu da ɓawon yis ne.

Gubobin da ba su ɗauruwa kuwa, dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a farfasa su a cikin hanji. Akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke tsinka wani sinadari, wanda ke yanke wa fumonisin rassa biyu ya bar ta ba ƙarfi. Tarayyar Turai ta amince da shi domin aladu a 2014, daga baya ta faɗaɗa izinin zuwa tsuntsaye. Kowane inzayim guba ɗaya ko dangi ɗaya ya sani, kuma yana da tsada, don haka sayensa ba tare da an san gubar da ke cikin abincin ba harbi ne a duhu.

5.3 Masu Taimakon Hanta

Rukuni na ƙarshe ba ya taɓa gubar ko kaɗan, jikin kazar yake ƙarfafawa. Metiyonin, wanda dama ana zuba shi a abincin kajin gona, daga gare shi jiki ke samun kayan ƙera gulutatayon. Bitamin E da siliniyam suna rage lalacewar ƙwayoyin hanta. An kuma yi gwaje-gwaje da dama da garin gangamau da wasu tsirrai, an ga sauƙi a hantar kajin da aka ba. Ya kamata a karanta irin wannan sakamako da hattara. Galibi kaji kaɗan ake gwadawa, na 'yan makonni, da guba ɗaya tsantsa mai yawan da ba a cika samu a gona ba, alhali abin da mai kiwo ke fama da shi gubobi ne a cakuɗe, kaɗan-kaɗan, na tsawon watanni. Waɗannan mahaɗai suna da amfani a matsayin mataimaka ga maɗauri. Su kaɗai ba su hana gubar shiga jini.

6.0 Iyakar Amfaninsu

Yawan gubar da ake magana a kai ƙanƙani ne ƙwarai. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade afulatoksin B1 a abincin manyan kaji ga maikurogiram 20 a kilo, na 'yan tsaki kuwa maikurogiram 5. Maikurogiram 20 a kilo daidai yake da giram ɗaya a cikin tan 50 na abinci. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ido ba shi da ta cewa. Masara kan yi fes a ido tana ɗauke da gubar da ta ninka ƙa'ida, wata kuma ta yi funfuna amma irin da ba ya zuba guba. Bugu da ƙari, gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, saboda haka wanda ya ɗebi tafi guda daga bakin buhu ɗaya ya kai gwaji, sakamakon da zai samu na wannan tafin ne kawai. Ana ɗiba ne daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a niƙa su tare, sa'an nan a ɗauki abin gwadawa daga garin.

Kowane maɗauri yana da iyakar abin da zai iya riƙewa, kuma ba ya kama gubar duka ko da ba ta da yawa. Wurin da yake da amfani shi ne abincin da gurɓatarsa kaɗan ce ko matsakaiciya, wadda ba a iya kauce mata a ƙasa mai zafi. Idan tunkuza ta yi kore tana wari, ninka maɗauri sau biyu ko uku ba ya gyara ta, sai dai ya ƙara wa kaji wata matsalar ta ƙarancin abubuwan gina jiki. Haka nan ruwan asid ɗin da ake fesa wa hatsi a sito, funfuna yake hanawa girma, gubar da ta riga ta zuba ba ruwansa da ita. Inda ake iya rage gubar da gaske shi ne gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Dawa ce da aka gasa aka lulluɓe da ire-iren Aspergillus flavus na gida guda huɗu waɗanda ba su zuba guba. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri.

Akwai kuma batun gaurayawa, wanda ake yawan rainawa. Giram 125 a cikin kilo 25 ba ya bazuwa da juyi biyu na shebur. Wanda ke haɗa abinci da hannu sai ya fara cuɗa maɗaurin da mudu ɗaya ko biyu na dusa, ya cuɗa wannan da wani kaso mafi yawa, a haka har ya game tarin duka. In ba haka ba wasu kajin su ci yumɓu tsantsa, wasu su ci gubar ba kariya.

Mai saye a kasuwa yana da tambayoyin da takardar jikin buhu ya kamata ta amsa masa: lambar rajistar hukumar NAFDAC, da irin yumɓu ko yis ɗin da ke ciki, da sunan gubar da aka gwada shi a kanta, da yawan da za a zuba a tan. Ya kuma dace ya tambaya ko a jikin kaji masu rai aka yi gwajin, domin abin da ya kama kashi 90 cikin ɗari na guba a kwalba yana iya kasa yin rabin haka a cikin hanji, inda kitse da ruwan matsarmama da ɗimbin abinci ke gogayya da gubar wajen neman wurin maƙalewa.